Tsirkiyar jita tana ƙara idan ba a danne ta ba: ina matsalar take, kuma yaya ake gyara ta?

Wani ɗan'uwa daga Zuru, wanda yake kaɗa wa ƙungiyar mawaƙan cocinsu jita, ya aiko da tambaya a kan jitarsa, irin ta katako mai tsirkiyoyin ƙarfe, wadda ya saya ta hannu. Ya ce tun da hunturu ya kama, tsirkiya ta uku da ta huɗu suke wata ƙara zirr-zirr duk lokacin da ya kaɗa su ba tare da ya danne su ba, amma da zarar ya ɗora yatsa a ko'ina a wuyan jitar sai sautin ya fito tas. Wani abokinsa ya ce masa ya juya sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, wani kuma ya ce ya cusa kwali a ƙarƙashin ƙashin jaki, wato ɗan ƙashin da tsirkiyoyi suke hawa a kan fuskar jita. Yana son ya san wace shawara zai bi, kuma ko gyaran abu ne da zai iya yi da hannunsa.

Ɗan'uwa, kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu tukuna, domin bayanin da ka yi ya riga ya nuna inda ciwon yake. Tsirkiyar da ba a danne ba a wuri biyu kawai take zaune: a ƙasa tana kan ƙashin jaki, a sama kuma tana cikin gurbinta a nat, wato ɗan farin ƙashin nan ko roba mai gurabe shida da ke tsakanin kan jita da wuyanta. Idan ka danna tsirkiya, ƙarfen firet ɗin da ka danna a kansa, wato ɗaya daga cikin siraran ƙarafan nan da aka gitta a wuyan jita, shi ne ya karɓi aikin nat, nat ɗin kuma ya fita daga lissafi gaba ɗaya. Saboda haka ƙarar da take fitowa idan tsirkiya tana buɗe, ta kuma ɓace idan an danne ta ko da a firet na farko ne, ba daga jaki take ba, ba kuma daga tsakiyar wuya ba. Abin da ya fi yawan haddasa ta shi ne gurbin tsirkiyar ya yi zurfi fiye da kima, har tsirkiyar ta sauko tana dukan kan firet na farko duk lokacin da take kaɗawa.

Ba abin mamaki ba ne da ya kasance ta uku da ta huɗu ne suka fara. A jitar katako su ne mafi siranta a cikin tsirkiyoyi masu naɗi, kuma a saitin da aka fi sayarwa, mai lamba 12 zuwa 53 (lambobin kaurin tsirkiya ta farko, mafi siranta, da ta shida, mafi kauri), kowace ɗaya daga cikinsu tana jan nauyin da ya kai kimanin kilo 13 zuwa 14, a cikin jimillar kilo 70 da 'yan kai da tsirkiyoyi shida suke ɗora wa jitar. Duk lokacin da ka murɗa kunnen jita don saita sauti, naɗin nan yana gurzar gindin gurbin, kamar yadda igiyar guga take cin itacen da aka gitta a bakin rijiya har ta yi masa kwari. Idan nat ɗin na roba ne mai laushi, irin wanda ake saka wa yawancin jitoci masu araha, cin yakan yi sauri, ƙurar da take shiga gurbin kuma tana ƙara masa kaifi. Wani lokacin ma ba tsufa ba ne, mai jitar na farko ne ya sa wuƙa ya zurfafa gurbin don ya samu sauƙin dannawa, hannunsa ya zarce.

Game da hunturu kuwa, ba shi ya ci gurbin ba, asirinsa kawai ya tona. Masu ƙera jita irin su Martin da Taylor suna ba da shawarar a ajiye jita a inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuma a nan Kebbi danshin yakan sauka ƙasa da kashi 20 a tsakiyar rani. Katakon fuskar jita yakan bushe ya ɗan lotsa, jaki ya sauka tare da shi, tsirkiyoyi su matso kusa da ƙarafan firet. Gurbin da dama yake bakin gaɓa, wannan 'yar saukar ta ishe shi ya fara ƙara.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar da zargin. Ka saita jitar daidai yadda kake kaɗa ta, ka riƙe ta a cinya kamar za ka yi kiɗa, ba a kwance a kan tebur ba. Ka danna tsirkiya ta uku a tsakanin ƙarfen firet na biyu da na uku, sannan ka sunkuya ta inda haske yake ka dubi tsakanin tsirkiyar da kan firet na farko. Ya kamata ka ga 'yar tazara, wadda ba ta wuce kaurin takardar firinta ba, wato kimanin milimita 0.1, a siraran tsirkiyoyi ma takan gaza haka. Idan idonka bai iya gani ba, ka sa ɗan yatsan ɗaya hannun ka ƙwanƙwasa tsirkiyar a daidai saman firet na farko. Idan da tazara, za ka ji ɗan sauti ƙyas lokacin da ta taɓa ƙarfen. Idan ba ka ji komai ba, tsirkiyar kuma ba ta motsa ba, to tana kwance ne a kan firet ɗin, gurbin ya yi zurfi. Ka yi wa dukkan tsirkiyoyi shida haka, domin masu lafiyar za su nuna maka yadda ya kamata marasa lafiyar su kasance. Kyawun wannan gwajin shi ne tsayin jaki bai shafe shi ba, lanƙwasar wuya ma ba ta shafe shi sosai ba, tsayin gurbin kawai yake aunawa.

Gwaji na biyu shi ne zai rufe maganar. Ka sassauta tsirkiyar, ka ɗaga ta daga gurbinta, ka yanko 'yar takarda ƙarama ka shimfiɗa a gindin gurbin, ka mayar da tsirkiyar ka sake saita ta. Idan ƙarar ta ɗauke, ka gano ciwon, ka kuma gano girmansa, tunda falle ɗaya kimanin milimita 0.1 ne, falle biyu 0.2. Idan kana da hidima ranar Lahadi kuma ba ka da lokacin gyara, takardar nan za ta fitar da kai, sai dai tana ɗan dushe sautin tsirkiyar, kuma ba ta daɗewa take yagewa.

Akwai abubuwa biyu da suke kwaikwayon wannan ciwo, kuma sai an kawar da su. Na farko shi ne firet na farko da kansa ya ɗago daga mazauninsa, abin da yakan faru idan allon wuya ya bushe. Ka duba ko farcenka ko gefen takarda yana shiga ƙarƙashin bakin ƙarfen, ka kuma danna shi da wani katako ka ga ko yana motsi. Idan ya ɗago, gyaran na firet ne, a mayar da shi a kafe shi, ba ruwan nat. Na biyu shi ne gurbin bai yi zurfi ba amma siffarsa ta lalace. Gindin gurbi mai kyau yana gangarawa ne zuwa wajen kan jita, ta yadda wuri mafi tudu zai kasance daidai bakinsa na gaba, wanda yake fuskantar firet na farko. Idan gindin ya baje, ko kuma tudun ya koma baya, tsirkiyar za ta riƙa kaɗawa a cikin gurbin kanta, ta ba da wata siririyar ƙara ko da akwai tazara a firet na farko. Ana gane wannan idan aka danna tsirkiyar da yatsa a bayan nat, ta ɓangaren kunnuwa, aka kaɗa, ƙarar ta ragu ko ta ɓace, alhali gwajin farko, wanda za mu kira gwajin firet na uku, ya nuna tazara tana nan.

Yanzu bari in nuna maka dalilin da ya sa shawarar cusa kwali a ƙarƙashin ƙashin jaki ba ta da kyau, domin lissafin a fili yake. Firet na farko yana zaune ne a kashi ɗaya cikin 17.8 na tsawon tsirkiya. A jitar da tsawon tsirkiyarta daga nat zuwa jaki ya kai milimita 648, firet na farko yana kimanin milimita 36 daga nat. Wannan yana nufin duk abin da ka ƙara a jaki, kashi ɗaya cikin 18 ne kawai zai iso firet na farko, rabinsa kuwa zai bayyana a firet na 12. Idan kana neman ƙarin milimita 0.1 a firet na farko ta hanyar jaki, sai ka ɗaga ƙashin da kusan milimita 1.8, wanda zai ƙara wa tsirkiyoyi tsayin kusan milimita 0.9 a firet na 12. Tsayin da ake so a wurin a jitar katako yana tsakanin milimita 2 ne zuwa 2.5, ka ga ka mayar da jita mai daɗin hannu ta zama mai yanka yatsa, duk tsirkiyoyi shida, saboda laifin gurbi biyu. Idan kuwa a nat ka ƙara milimita 0.1 ɗin, kusan dukkansa zai iso firet na farko, kuma da zarar ka danna tsirkiya ba abin da ya canza a sauran wuyan.

Sandar cikin wuya ma aikinta daban ne. Ita tana daidaita 'yar lanƙwasar da wuya yake yi a gaban jan tsirkiyoyi, kuma ana auna ta kafin a taɓa ta. Ka sa wani ya danne maka tsirkiya ta shida a firet na farko, kai ka danne ta a firet na 14, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na bakwai. Abin da ake so shi ne kimanin milimita 0.15 zuwa 0.3, kuma ma'aunin fila da makanikai suke gwada tazarar bawul da fulogi da shi ya isa wannan aikin. Idan tazarar tana nan, ka bar sandar. Idan babu ita sam, wuyan ya miƙe da yawa ko ya koma baya, sai a sassauta sandar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye zuwa hagu, a jira, a sake aunawa. Amma wuyan da ya koma baya yakan sa tsirkiyoyi da yawa su yi ƙara, har da lokacin da aka danne su a firet na farko zuwa na biyar, wannan kuwa ba shi ne abin da ka bayyana ba.

Idan an tabbatar gurbi ne, hanyoyin gyara uku ne, kuma yawan gurabun da suka lalace shi ne yake zaɓa maka. Tunda naka biyu ne, ni a ganina cike gurbin a sake fafe shi ya fi dacewa, domin ba sai ka cire nat ɗin ba, sauran gurabe huɗu masu lafiya kuma ba abin da zai same su.

Kayan aikin su ne gam mai kamawa nan take, wato sufa gulu, amma mai ruwa-ruwa, ba mai kauri ba, da garin ƙashi, da tef ɗin takarda na masu fenti, da tsinken sakace, da allura, da abin fafewa. Garin ƙashi kana samunsa ne idan ka goga busasshen ƙashin saniya marar maiƙo a kan magagari ko samfefa, ka tara garin a kan takarda mai tsabta. Wasu suna amfani da bekin soda a maimakonsa, yana kuma yin aiki, sai dai ka lura ba bekin foda ba ne da ake sa wa cincin da kek, wanda aka haɗa da sitaci da wasu sinadarai, ba kuma kanwa ba ce. Ni na fi son garin ƙashi a ƙarƙashin tsirkiya mai naɗi, domin ya fi jure gurza, launinsa kuma ya fi shiga da na nat. Ka sayi sabon gam ranar da za ka yi aikin, saboda wanda aka buɗe ya kwana biyu a zafin garinmu yakan yi kauri, gam mai kauri kuwa zama yake a saman garin ya bar ƙasan a bushe, kana fara fafewa sai cikon ya ɓalle.

Ka sassauta tsirkiyar ka ture ta gefe. Ka manna tef a allon wuya dab da gaban nat, ka manna wani a fuskar kan jita dab da bayansa, ka danne bakinsu da farce sosai, domin gam mai ruwa yana gudu ta inda ba ka zata ba, kuma asiton da yake narkar da shi yana cin fentin wasu jitoci. Sannan ka share gurbin. Wannan matakin ne mutane suke tsallakewa, shi ne kuma yake kayar da aikin: gindin tsohon gurbi cike yake da gumi da maiƙon hannu da baƙin fensir, gam ba ya kama su. Ka ninka 'yar samfefa mai laushi ka goga gindin sau biyu ko uku har ka ga farin jikin nat ɗin ya fito, ka hure.

Sai ka ɗebi garin da bakin tsinke ka zuba a gurbin, ka danna shi ya zauna, ka share wanda ya hau gefe. Ba cika gurbin za ka yi har baki ba, kaurin rabin milimita a gindi ya wadatar, tunda abin da kake nema bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, sauran fafe shi za ka yi. Kada ka kai bakin bututun gam kan jita. Ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan murfin kwalba, ka tsoma bakin allura, ka kai ɗan abin da ya maƙale a allurar ka taɓa garin. Za ka ga garin ya tsotse shi nan take, launinsa ya canza daga fari fat zuwa kalar jiƙaƙƙen abu, daga wannan bakin gurbin zuwa wancan. Idan wani ɓangare ya rage fari, ka ƙara taɓawa sau ɗaya. Ka kawar da fuskarka daga kai, domin tururinsa yana yaji a ido, kuma kada ka goge wanda ya zuba da auduga, gam ɗin yana yin zafi sosai idan ya haɗu da ita.

Bekin soda yakan daskare cikin 'yan daƙiƙu, garin ƙashi kuwa yana ɗaukar lokaci, a hunturu ma ya fi haka, saboda irin wannan gam da danshin iska yake kamawa, iskar kuma a bushe take. Idan ka huro masa numfashi a hankali daga nesa kaɗan, danshin bakinka zai taimaka. Duk da haka ka ba shi aƙalla awa ɗaya, idan ba gaggawa kake yi ba ka bar shi ya kwana. Ka gwada da bakin allura: idan ta shiga, bai yi ba.

Fafewar ita ce ainihin aikin, a nan ne kuma ake buƙatar haƙuri. Masu gyara suna da magagarai na musamman, kowane da kaurin tsirkiyarsa, gindinsa a zagaye, amma ba kasafai ake samunsu a kasuwanninmu ba, kuma ba a sayen saiti guda saboda gurbi biyu. A saitin 12 zuwa 53, kaurin tsirkiya ta uku milimita 0.61 ne, ta huɗu 0.81, gurbin kuma ana so ya fi tsirkiyar faɗi da ɗan abin da bai wuce milimita 0.1 ba, don ta riƙa zamewa ba tare da ta maƙale ko ta yi rawa ba. Abin da ya fi sauƙin samu shi ne guntun tsohuwar tsirkiya mai naɗi, mai kauri ɗaya da wadda za ta zauna a gurbin, a manna ta a gefen wani siririn katako don ta miƙe. Naɗinta yana cin cikon a hankali, yana kuma barin gindi zagayayye daidai jikin tsirkiyar. Siraran wayoyin nan masu kaushi da masu walda da gas suke share bakin tocinsu da su ma suna yi, sai dai suna lanƙwashewa, dole a riƙe su a miƙe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wuƙa, da zarton ƙarfe, da magagari mai kusurwa uku. Wuƙa da magagari mai kusurwa suna barin gurbi mai tsini a gindi wanda yake cije tsirkiya, har ka riƙa jin ƙyas idan kana saita ta, sautin ya yi tsalle, zarto kuma ya fi yawancin tsirkiyoyi kauri kuma yana ci da yawa a ja ɗaya.

Ka riƙe abin fafewar a karkace, bakinsa yana kallon ƙasa ta wajen kan jita, karkatar ta kai kimanin rabin gangarar da kan jitar yake da ita, ka kuma ɗan fuskantar da shi wajen kunnen da tsirkiyar take zuwa. Kada ka bari hannunka ya riƙa lilo sama da ƙasa, domin haka ne yake cinye bakin gaba ya mayar da tudun tsakiya. Ka ja sau biyu ko uku, ka hure garin, ka mayar da tsirkiyar, ka ɗaure ta har sautinta na daidai, ka maimaita gwajin firet na uku. Za ka yi ta wannan kai da kawowa har ka gaji, amma babu wata gajeriyar hanya, domin ja biyu na ganganci sun isa su mayar da kai inda ka fito. Idan kana da fila, akwai dabarar da take tsare hannu. Ka ɗora gefen rula na ƙarfe a kan firet na farko da na biyu, ka jera fallayen fila a ƙarƙashinsa har su cika tsakanin rular da allon wuya, wannan shi ne tsayin firet ɗinka, yawanci tsakanin milimita 1 zuwa 1.3. Ka ƙara milimita 0.2 a kan haka, ka kwantar da fallayen a jikin nat ta gaba, ka riƙa fafewa har abin fafewar ya fara taɓa su, sai ka tsaya.

Barin gurbin da tsayi ma matsala ce, ko da yake ba ta ƙara. Tsirkiyar za ta yi tauri a firet na farko, kuma saboda sai ka ja ta ƙasa da nisa kafin ta taɓa ƙarfen, sautin firet na farko da na biyu zai haura sama da inda ya kamata. Ka buɗe manhajar saita sauti a wayarka, ka saita tsirkiyar a buɗe, ka danna firet na farko a hankali. Idan allurar manhajar ta wuce tsakiya sosai, ka ƙara ja ɗaya ko biyu. Idan ta tsaya kusa da tsakiya, ƙarar kuma ba ta dawo ba ko da ka kaɗa da ƙarfin da ka saba, an gama. Ka cire tef, ka goga bakin fensir a gurbin don tsirkiyar ta riƙa zamewa.

Ya kamata ka san iyakar wannan gyaran. Ciko ba ya kai ƙashi na asali ƙarfi, kuma tsirkiya mai naɗi za ta ci gaba da gurzarsa, wata rana sai an sake. Akwai kuma nau'in robar da gam ba ya kama ta da kyau, musamman baƙaƙen nan masu santsi da aka yi don tsirkiya ta riƙa zamewa. Idan cikon ya fito ɗungurungum a jan farko alhali ka share gurbin da kyau, kada ka ɓata lokaci kana maimaitawa.

Idan gurabe uku ko fiye ne suka yi zurfi, gara a ɗaga nat ɗin gaba ɗaya. Ana sassauta tsirkiyoyi duka, a bi gefen nat ɗin da reza a yanke fentin da ya haɗe shi da wuya don kada ya ɓamɓaro, a jingina ɗan katako a fuskarsa ta gaba a ƙwanƙwasa a hankali zuwa wajen kan jita. A jitocin lantarki irin ƙirar Fender nat ɗin a cikin kwari yake zaune, bango gaba da baya, don haka ta gefe ake tura shi, idan aka buge shi ta gaba sai bakin allon ya tsage. Bayan an kankare tsohon gam, sai a manna wa gindin nat ɗin wani abu mai tauri mai kaurin milimita 0.2 zuwa 0.3, kamar siririn fallen katako ko takarda falle biyu da aka jiƙa da sufa gulu ta daskare, a gyare gefen da reza. Kwali mai laushi da roba mai lotsawa ba sa yi. Ɗigo biyu na farin gam na kafintoci sun isa mayar da shi, tunda tsirkiyoyi ne suke danne shi, kuma wanda zai cire shi nan gaba zai gode maka. Sai dai ka sani, gurabun da suke daidai a da yanzu sun yi tsayi, su ma sai an fafe su ɗaya bayan ɗaya.

Nat ɗin da ya tsage, ko na roba mai laushi da ya cinye ko'ina, canza shi ake yi. Idan za ka yi odar wanda aka riga aka fafe, ka auna faɗin naka tukuna, domin jitar katako yawanci milimita 43 ce ko 44.5, mai tsirkiyar nailan kuwa kimanin 52, ka auna kauri da tazarar tsirkiya ta farko zuwa ta shida. Irin waɗannan sukan zo da ɗan tsayi, ana rage su ta gindi a kan samfefar da aka shimfiɗa a kan gilashi. Wanda yake da hannu kuma, ƙashin ƙwaurin saniya da za a samu wurin mahauta a kwata shi ne abin da manyan masu ƙira suke amfani da shi, na raƙumi ma yana yi. Wahalarsa ita ce fitar da maiƙo: a yanke kawunan, a cire ɓargo, a dafa da garin sabulu, a jiƙa a fetur na wasu kwanaki nesa da wuta, a shanya a inuwa har ya bushe sarai. Idan bayan ya bushe ka ga wani tabo mai kama da na mai a jikinsa, bai gama ba, kuma maiƙon zai hana gam kamawa ya kuma ɓata fentin wuya. A rufe hanci lokacin goge shi. Wannan aikin na yini guda ne ga wanda ya saba, kuma ba zan ce ka fara koyo a kan jitar da kake hidima da ita ba.

Bayan gyara, ka riƙa ajiye jitar a cikin jakarta ko akwatinta, da ɗan soso mai laima a cikin robar sabulu da aka huda, ta yadda ruwa ba zai taɓa katakon ba, ka kuma nisanta ta da cikin mota da jikin bangon da rana take duka. Idan za ka canza tsirkiyoyi, ka tsaya a kan lambar da aka fafe gurabun dominta. Wanda ya sauka daga lamba 12 zuwa 10 don neman laushi ya rage jan da yake lanƙwasa wuya, wuyan ya miƙe, siraran tsirkiyoyin kuma su riƙa rawa a gurabun da suka yi musu faɗi, sai ƙarar ta dawo ta wata ƙofa. Idan kuma ka gama komai, gwajin firet na uku ya nuna tazara, amma har yanzu kana jin wani abu yana kaɗawa, ka bi notocin da suke riƙe kunnuwan jitar ta fuska da sifana, yawanci lamba 10 ce, ka ɗaure su daidai hannu ba da ƙarfi ba, ka kuma datse jelar tsirkiyoyin da ta yi tsawo tana taɓa katako ko 'yar'uwarta.